Wai da gaske buhun siminti da ƙusa tare za su faɗo ƙasa?

Ɗan_Rimi_Mai_Bulo:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambayata ga waɗanda suka karanci fisiks ce, don ni gani nake littafin yana ƙaryata kansa. A wani shafi an rubuta F = ma, aka ce abu in ya fi nauyi, ƙarfi mai yawa yake buƙata kafin ya ɗauki gudu. Wannan kam na yarda, duk wanda ya taɓa tura baro cike da yashi ya sani. Can gaba kuma sai aka ce in ka saki buhun siminti da ƙusa daga saman bene, tare za su dira. To in mai nauyi ya fi wuyar motsawa, ai shi ya kamata a bari a baya. Idona kuma cewa yake mai nauyi ne ke riga isowa. Magana uku ke nan, kowacce da inda ta dosa. Wacce ce gaskiya?

Baban_Khalifa:
Wa alaikumus salam. Mai nauyi ne zai riga mana, wannan ai ba sai an je makaranta ba. Saki dutse da takarda ka gani.

Ummi_SS3:
Baba, takarda iska ce ke riƙe ta. Ku dunƙule ta sosai ku sake gwadawa.

Malam_Na_Lab:
Ɗan Rimi, tambayar nan ta fi rabin waɗanda ɗalibaina ke yi kyau, don ka gano daidai inda ƙullin yake. Bari mu fara da raba abu biyu da ake haɗawa. Akwai mas, wato yawan abin da jiki ya ƙunsa, shi ake aunawa da kilo. Akwai kuma nauyi, wato ƙarfin da ƙasa ke janyo jikin da shi, shi kuma da newton ake auna shi kamar kowane ƙarfi. A cikin lissafin, F ƙarfi ne, m mas ne, harafin a kuma sauyin gudu ne, wato nawa gudun ke ƙaruwa ko raguwa a kowane sakan.

Buhunka kilo 50 ne. Ƙasa tana janyo kowane kilo da newton 9.8, don haka tana jan buhun da newton 490. Ƙusa mu ce giram 10 ce, ana jan ta da newton 0.098 kacal. Ka ga buhun ana jan sa fiye da ƙusa sau 5,000. Amma taurin kansa wajen motsawa ma ya ninka na ƙusa sau 5,000. Raba ƙarfi da mas: 490 a raba da 50 ya ba da 9.8. Haka 0.098 a raba da 0.01, shi ma 9.8. Kowannensu gudunsa na ƙaruwa da mita 9.8 a sakan, cikin kowane sakan.

Abin da ya sa baro ya bambanta: a can kai ne mai turawa, kuma ƙarfinka ba ya ƙaruwa don an ƙara yashi. Ita kuwa ƙasa, gwargwadon yawan kayan gwargwadon jan da take yi.

Ɗan_Rimi_Mai_Bulo:
Allah ya gafarta Malam, lissafin ya zauna. Amma bai yi kama da an shirya shi don ya fito daidai ba? Ka ninka da 9.8 sannan ka raba, dole ka koma inda ka fito.

Injiniya_KD:
@Ɗan_Rimi ƙorafinka yana kan hanya, kada ka bari a wuce da kai. Lissafi kaɗai ba ya tabbatar da wannan. Mas ɗin da ke ƙin motsi abu ne daban a tunani, mas ɗin da ƙasa ke ja shi ma daban. Babu abin da ya tilasta su zama ɗaya a dokokin Newton, gwaji ne ya nuna haka. Newton da kansa ya gwada da lilo mai ɗauke da zinariya, azurfa, dalma, yashi, gishiri, katako da sauransu, bai ga bambanci ba. Eötvös ɗan ƙasar Hangari ya maimaita da na'ura mafi kaifi a ƙarshen ƙarni na 19. Na baya-bayan nan shi ne tauraron ɗan'adam na Faransa mai suna MICROSCOPE da aka harba a 2016. Ya kwatanta faɗuwar ƙarfen titaniyam da na filatinam a sararin samaniya, sakamakon da aka fitar a 2022 ya nuna ba su bambanta ba har zuwa kusan kashi ɗaya cikin 1 mai sifili 15 a gabansa. Wannan daidaiton ne Einstein ya ɗauka ya gina bayaninsa na janyowar ƙasa a 1915.

Baban_Khalifa:
Duk wannan a sama ake yi inda ba wanda ya gani. Ni abin da zan gani da idona nake so.

Maman_Ilham:
Baban Khalifa akwai bidiyonsa. A watan Agusta 1971 David Scott na kumbon Apollo 15 ya tsaya a kan wata, guduma a hannu ɗaya, gashin shaho a ɗayan, ya sake su. Tare suka taɓa ƙasa don babu iska a can. Ni shi nake nuna wa yarana.

Sarkin_Gardama01:
Wa ya ce miki an je watan ma tukuna? 😂

Maman_Ilham:
Ba zan biye maka ba yau, girki nake. Ɗauko littafi mai kauri, ka ɗora 'yar takarda a kansa wadda ba ta kai faɗinsa ba, ka saki. Littafin zai tare mata iska, tare za su sauka. Wannan ba sai ka je wata ba.

Alhaji_Mai_Tirela:
Ni ban yi boko mai zurfi ba, amma na tsufa a kan sitiyari. Maganar Malam ta farko na gane ta. Mota emti da ka taɓa totur ta zabura, in an yi mata lodi kuwa sai ka bi giya ɗaya bayan ɗaya kana lallashi. Inji ɗaya ne, kaya ne suka ƙaru. Tsayawa ma haka. Shi ya sa raina ke ɓaci in ƙaramar mota ta sha gabana ta taka birki, mai ita yana zaton ni ma nan take zan tsaya.

Malam_Na_Lab:
Alhaji, a tashi kam babu ja. Mota mai kilo 1,000 in tana so ta kai kilomita 72 a awa cikin sakan 10, newton 2,000 ya ishe ta, ban da abin da iska da taya ke ci. Tirela mai tan 40 sai ta samu newton 80,000 kafin ta yi haka. Amma a tsayawa akwai abin mamaki. Abin da ke tsayar da mota shi ne gogayyar taya da kwalta, ita kuma gogayyar tana ƙaruwa da nauyin da ke danne tayar. Kaya sun ninka, riƙon taya ya ninka. Don haka a takarda, mai lodi da emti tazara ɗaya za su ci kafin su tsaya. Labarin buhu da ƙusa ne ya sake dawowa.

Alhaji_Mai_Tirela:
Malam, da girmanka, wannan takardar a bar ta a aji. Kada wani yaro ya karanta ya je ya kashe mutane.

Sarkin_Gardama01:
Yau ga boko ga titi. Mu 'yan kallo ne.

Injiniya_KD:
Ku biyun kowa ya riƙe gefe ɗaya na gaskiya. Lissafin Malam yana aiki ne in birkin yana da ƙarfin da zai kai tayar iyakar riƙonta. A ƙaramar mota haka ne. A babbar mota da aka yi wa lodi fiye da ƙima, birkin ne ke gazawa tun kafin taya ta gaza. Ƙarfin da layinin birki ke matse gangar taya da shi yana da iyaka, to F ta tsaya wuri ɗaya, m ta ƙaru, dole a ta ragu. Dokar ba ta karye ba, ita ce ma ke bayyana abin da Alhaji ke gani. Ƙara da cewa birkin iska yana ɗan jinkiri kafin ya kama, kuma robar tayar manyan motoci mai tauri ce, an yi ta don ɗaukar kaya da daɗewa, riƙonta bai kai na ƙananan motoci ba.

Babbar matsalar ma zafi ce. Tirela mai tan 40 in ta sauko gangaren da zurfinsa ya kai mita 100, kuzarin da za ta zubar ya haura jul miliyan 39. Wannan zai iya kai ruwa fiye da lita 120 ga tafasa. In direba ya bar wa birki shi kaɗai wannan aiki, duk zafin a ganga da layinin zai taru, riƙonsu ya ragu. Abin da ake cewa birki ya shanye, sau da yawa ke nan.

Alhaji_Mai_Tirela:
Yauwa, yanzu ka zo gidana. Duk wanda ya san Hawan Kibo a hanyar Jos zuwa Akwanga ya san tun daga sama ake sa babbar giya, wato giyar jan kaya mai tafiya a hankali, inji ya riƙe motar. Wanda ya ce sai ya shiga gangara zai canja, ya makara. Amma zan ba Malam abu ɗaya: emti ma tana da nata sharrin. In an yi ruwa, ka taka birki da ƙarfi, bodin ba abin da ya danne shi, sai tayoyin baya su kulle ta fara jan gindi. Na fi tsoron emti a kan jiƙaƙƙiyar kwalta.

Malam_Na_Lab:
To ai ka ga riƙon taya da nauyi yake tafiya, Alhaji. Abin da nake faɗa ke nan. Sauran kuma Injiniya ya cike.

Ɗan_Damagaram:
Gaisuwa daga Zinder. Ni tawa tambayar daban ce. A lakwal an koya mana cewa abin da ke tafiya ba ya buƙatar ƙarfi don ya ci gaba da tafiya. To me ya sa in na kama hanyar Maraɗi a kan gudu ɗaya, ba ƙari ba ragi, mai yake ƙarewa? In a sifili ce, F ma sifili ce, injin me yake yi?

Ummi_SS3:
Yaya, F ɗin ba ƙarfin inji kaɗai ba ne, jimillar duk ƙarfin da ke kan motar ne. Inji na turawa gaba, iska da gogayyar taya na ja baya. In sun yi kunnen doki jimilla ta zama sifili, gudu ya tsaya inda yake. Man da kake ƙonawa na biyan iska da taya ne. Irin wannan tambayar tana yawan fitowa a tsofaffin takardun WAEC da muke bita.

Ɗan_Damagaram:
Madalla ƙanwata, Allah ya ba da sa'ar jarrabawa.

Abu_Sumayya:
Abin da ba a faɗa muku a makaranta shi ne duk dokokin nan malaman Musulunci ne suka gano su, Turawa suka kwashe suka sa sunansu. Ibn Sina ya rubuta su ɗaruruwan shekaru kafin a haifi Newton.

Mai_Tarihi_ABU:
Ɗan'uwa, a ba kowa haƙƙinsa ba tare da ƙari ba. Aristotal ya koyar da cewa abu ba ya ci gaba da tafiya sai ana tura shi, har ya ce iska ce ke ci gaba da tura dutsen da aka jefa. Yohana Filoponus na Iskandariyya ya soki wannan tun ƙarni na 6. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya yi gaba da maganar a Kitabus Shifa: ya ce mai jifa yana sanya wa dutsen wani karkata da ya kira mail, kuma wannan ba ya ƙarewa da kansa sai wani abu kamar iska ya cinye shi. Wannan babban mataki ne, ya kusanci dokar Newton ta farko, wadda Ɗan Damagaram ya ce an koya musu. Jean Buridan a Faris ya zo da makamancinsa a ƙarni na 14.

Amma dokar da muke magana a kai, mai ɗaure ƙarfi da sauyin gudu ta hanyar lissafin da za a iya aunawa, ba ta cikin waɗannan. Sai da Galileo ya gangara da ƙwallaye a kan katako yana auna lokaci, ya fitar da littafinsa a 1638, sannan Newton ya zo da littafinsa Principia a 1687. Shi kansa Newton bai rubuta F = ma ba. Da kalmomin Latin ya faɗe ta, cewa sauyin motsi yana daidai da ƙarfin da aka sa, kuma yana bin inda ƙarfin ya nufa. Siffar lissafin da muke amfani da ita yau, Leonhard Euler ne ya shimfiɗa ta wajen 1750.

Af, labarin cewa Galileo ya saki ƙwallaye daga saman hasumiyar Pisa ma ɗalibinsa Viviani ne ya ba da shi bayan rasuwarsa, masana tarihi da yawa suna shakkarsa. Wanda aka tabbatar shi ne na Simon Stevin a garin Delft wajen 1586, inda ya saki ƙwallayen dalma biyu, ɗaya ta ninka ɗaya nauyi sau goma, suka dira tare.

Abu_Sumayya:
Ko ma dai yaya ne, sunan Ibn Sina ya kamata ya shiga littafin sakandare.

Mai_Tarihi_ABU:
A nan kam ba mu da saɓani.

Nas_Hauwa:
Ku bar ni in shigo da abin da ya dame ni, tunda ana maganar birki. Iyaye mata masu rungume jariri a kujerar gaba, da masu cewa in an yi karo za su dafe da hannu. Malam ka yi musu lissafin don Allah, mu a asibiti sakamakon kawai muke gani.

Malam_Na_Lab:
Hajiya, ga shi. Kilomita 60 a awa kusan mita 17 ne a sakan. In mota ta daki abu ta tsaya cikin kashi ɗaya bisa goma na sakan, sauyin gudun ya kai kusan mita 170 a sakan cikin kowane sakan. Jariri mai kilo 10 sai an riƙe shi da newton kusan 1,700, kamar a ce ki riƙe kilo 170 da hannu a cikin ƙiftawar ido. Babu uwar da za ta iya. Babban mutum mai kilo 70 kuwa abin ya haura nauyin tan ɗaya. Aikin bel da jakar iska da gaban mota mai lotsewa duk ɗaya ne: su tsawaita lokacin tsayawa. Lokaci ya ninka, ƙarfin da jiki zai sha ya ragu da rabi. Shi ya sa masu yabon tsohuwar mota don ƙarfenta ba ya lotsewa ba su san abin da suke yabo ba.

Kuma a lura da gudu. A busasshiyar kwalta mai kyau, mota mai kilomita 72 a awa tana cin kusan mita 30 daga kama birki zuwa tsayawa. In gudun ya ninka, tazarar sau huɗu take ninkawa.

Baban_Khalifa:
Wannan na bel na karɓa. Amma an bar tambayar Ɗan Rimi an tafi yawo. Ni har yanzu ina kan bakana: daga wuri mai tsawo sosai, mai nauyi ne zai riga.

Injiniya_KD:
Baba, a cikin iska kuma daga wuri mai tsawo, maganarka gaskiya ce, kuma dokar ce ta ba ka gaskiyar. Turjiyar iska ba ruwanta da mas, girman abu da siffarsa da gudunsa take bi. Ɗauki ƙwallo biyu masu girma ɗaya, ta ƙarfe da ta roba mara komai a ciki. A gudu ɗaya iska na tura su baya da ƙarfi ɗaya, amma wannan ƙarfin in aka raba shi da mas ɗin ƙarfe ba ya zama komai, in aka raba da na roba sai ya yi yawa. Can sai turjiyar ta yi daidai da nauyi, gudu ya daina ƙaruwa. Mai tsalle daga jirgin sama kafin ya buɗe lema yana tsayawa a wajen kilomita 200 a awa in ya baje jikinsa. Manyan ɗigon ruwan sama ba sa wuce kusan mita 9 a sakan.

Daga bene mai mita 5 kuwa faɗuwar sakan ɗaya ce, iska ba ta samu lokacin yin wani aiki a kan buhu ko ƙusa ba.

Baban_Khalifa:
To ashe ban yi ƙarya ba.

Ummi_SS3:
Ba ku yi ba Baba, amma dalilin iska ne, ba nauyin ba 🙈

Sarkin_Gardama01:
Ni fa an ce min maganaɗisu ne a cikin ƙasa yake janyo abubuwa. In haka ne ƙusa za ta riga siminti.

Maman_Ilham:
Da maganaɗisu ne da katako da roba da kai kanka kuna shawagi a sama.

Ɗan_Rimi_Mai_Bulo:
Na karanta duka, na gode. Na fahimci baro, na fahimci iska. Abin da ya rage min shi ne na Injiniya: an auna an ga mas biyun ɗaya ne, amma ME YA SA? Cewa an gwada an gani bai gamsar da ni a matsayin dalili ba. Gobe in Allah ya kai mu zan sa yara su saki rabin bulo da tsakuwa daga saman dakin, wato rufin kankare, in ɗauka da waya.

Injiniya_KD:
Amsar Einstein ita ce abin da ke faɗuwa ba jan sa ake ba, hanyarsa kawai yake bi a cikin sarari da lokaci da duniya ta lanƙwasa, shi ya sa hanyar ba ta tambayar kilo nawa ne. Ko wannan dalili ne ko sake fasalin tambayar ne, masana ma suna tattaunawa. Batun gwajinka: hannu biyu ba sa saki lokaci ɗaya, kuma a faɗuwar sakan ɗaya ɗan jinkiri kaɗan zai ruɗe ka. Ɗora su a kan katako ɗaya a bakin dakin, ƙasansu a jere, a ture su tare. Ka sa wayar a yanayin ɗauka a hankali. Kuma a kori kowa daga ƙasa.

Alhaji_Mai_Tirela:
Ka sa tsakuwa mai ɗan girma. Ƙarama ba za ta fito a hoto ba.

Malam_Na_Lab:
Kafin bidiyon ya iso, ga aikin gida. Mutum mai kilo 70 ya hau sikeli a cikin lif. Lif ya fara tashi sama, gudunsa na ƙaruwa da mita 1.5 a sakan cikin kowane sakan. Nawa sikelin zai nuna?

Baban_Khalifa:
70 mana. Tuwo ya ci a cikin lif ɗin?

Ummi_SS3:
Ni na samu kusan 80.7. Sikelin sai ya ɗauki nauyinsa, newton 686, ya kuma ƙara 105 na tura shi sama.

Ɗan_Damagaram:
To in lif ɗin ya gama ɗaukar gudu yana tafiya daidai fa? Ni ina ganin zai koma 70, amma Baban Khalifa kada ka yi murna tukuna, don wajen tsayawa a sama zai nuna ƙasa da haka.